Kafin ka sayi fom ɗin MBA: yadda zaka zaɓi makarantar da ta dace da kai

Wani ƙanina, ɗan ƙanwar babarmu, ya shigo wajena bayan sallar isha'i riƙe da waya, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min ita wai in duba. Jerin makarantun kasuwanci goma ne na duniya masu bada MBA, wato digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, ya ɗauko hotonsu, Harvard, Stanford, Wharton, INSEAD da sauransu, yace Yaya wacce kake ganin zan nema a ciki? Shekararsa huɗu yana aikin banki, yaro mai ƙoƙari wallahi. Nace masa to in ka gama wane aiki kake so kayi, kuma a wane gari? Yayi shiru yana sosa ƙeya, can yace ai Yaya in dai an samu MBA ɗin komai zai zo. Nace a'a, ajiye wayar nan tukuna mu sha shayi.

Abinda na faɗa masa daren nan shi zan faɗa maka. Ba daga makaranta ake fara zaɓen makaranta ba, daga ƙarshe ake farowa, wato daga kujerar da kake son zama bayan ka gama da kuma irin kuɗin da za'a riƙa biyanka albashi da shi, naira ce ko sefa ko dala. In ka san wannan rabin makarantun da ke jerinka da kansu zasu zube.

Dalili kuwa shine karatun kansa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Lissafin kuɗin kamfani, harkar jari da bashi, tallata haja, tafiyar da ma'aikata, dabarun gogayya a kasuwa, ɗan ilimin tattalin arziki, shikenan. Littafin da ake karantawa a Boston zaka iya samunsa a Zariya, hatta labaran kamfanoni da Harvard ke rubutawa don koyarwa sayar da su take yi ga makarantu a faɗin duniya. Abinda ya bambanta wata makaranta da wata shine waye ke zaune kusa da kai a aji, waɗanne kamfanoni ne ke zuwa ɗaukar ma'aikata, kuma in ka kira tsohon ɗalibin makarantar bayan shekara goma zai ɗauki wayarka ko kuwa. Wannan kake saya da kuɗinka, takardar kuma shaida ce kawai cewa ka biya.

Masu neman MBA a wajenmu na lura kashi uku ne, kuma kowane da makarantar da ta dace da shi.

Akwai mai son canza layi gaba ɗaya, injiniya ne ko likita ko malamin makaranta yana son shiga manyan kamfanonin bada shawara irinsu McKinsey da BCG da Bain, ko bankin zuba jari, ko kamfanin fasaha. Wannan shi ne suna yake masa amfani sosai, saboda waɗannan kamfanoni makarantu ƙalilan suke zuwa ɗaukar mutane, in baka cikinsu ƙofar tana da wuyar buɗuwa. Shi ne ya kamata ya ajiye aiki yayi karatu na cikakken lokaci.

Akwai mai son ƙarin girma a inda yake, ma'aikacin gwamnati ko na banki ko na kamfanin sadarwa da yake ganin an fara tsallake shi saboda takarda. Ɗan'uwa kai baka da dalilin ajiye aikinka, abinda ya dace da kai na ƙarshen mako ne ko na yamma ko na intanet. Jami'ar Bayero a Kano tana da makarantar kasuwanci ta Dangote, ABU Zariya tana da tata makarantar kuma tana da sashen karatu daga nesa da ake yin MBA ta intanet, NOUN, jami'ar karatu daga gida, ma tana yi. In aljihu da nauyi kuma aikinka ya shafi manyan kamfanoni masu zaman kansu, akwai Lagos Business School da aka kafa 1991, tana ƙarƙashin jami'ar Pan-Atlantic, can hanyar Lekki zuwa Epe. Amma kafin ka biya ko sisi ka shiga ofishin kula da ma'aikata na wajen aikinku ka tambaya ko suna lissafa MBA wajen ƙarin girma kuma daga waɗanne makarantu, kada ka gama shekara biyu kana bin hanya duk juma'a sannan a ce maka ai baka nemi izinin karatu ba tun farko don haka ba za'a saka takardar a fayil ɗinka ba. Na ga wanda hakan ta faru da shi, bawan Allah har ya rame.

Na uku shi nafi tausayawa saboda shi aka fi yaudara, wato ɗan gidan 'yan kasuwa. Babansa na da shaguna a Kwari ko Singa ko yana fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau, an ce yaje yayi MBA ya dawo ya gyara harka. Sai a tura shi wata ƙaramar jami'a a Ingila, ya shekara ɗaya yana nazarin yadda manyan kantunan Turawa ke jera kaya, ya dawo Alhaji ya tambaye shi yadda za'ayi da dillalin da ya riƙe kuɗin kaya wata huɗu, ko yadda za'a fitar da kwantena daga Apapa ba tare da kuɗin ajiya ya cinye ribar ba, yaro ba amsa. Ba laifinsa bane. Irin wannan yaron, makarantar da zata masa amfani ita ce wadda 'yan ajinsa zasu zama manajan bankin da zai bashi jari gobe da mai kamfanin sufurin da zai ɗauki kayansa da jami'in da ya san takardun fitar da kaya, kuma waɗannan mutanen a Legas da Abuja da Kano suke zaune. In kuma kasuwancin gidanku da Caina yake, to duba wajen CEIBS ta Shanghai wadda aka kafa 1994, tana ma da reshe a Akara, ya fi maka ma'ana akan wani gari mai sanyi da ba ruwansa da harkarku. Kuma a tuna, da yawa cikin manyan attajiran Kano basu taɓa zama ajin MBA ba, don haka in Alhaji yace shi bai ga amfanin ba kada ka ɗauka jahilci ne, kai ne zaka nuna masa a lissafi me zai ƙaru.

Sai ka tabbata ma MBA ɗin kake buƙata ba wani digirin ba, anan mutane da yawa ke faɗawa rami. In burinka ka koyar a jami'a kayi dakta, MSc zaka yi, wato mastas na bincike, domin yawancin jami'o'in Najeriya suna ɗaukar MBA a matsayin digirin sana'a ne kuma basa bari ka wuce PhD da shi kai tsaye. In yanzu ka gama bautar ƙasa baka taɓa aiki ba, a Turai akwai MiM, mastas ɗin gudanarwa da aka yi domin sabbin gamawa, ya fi araha kuma Faransa ta shahara da shi. MBA na gaske a waje suna son wanda yayi aiki, yawancin 'yan aji shekara huɗu zuwa shida suke da ita. Wanda ya kai shekara goma ko fiye yana riƙe da sashe, EMBA ne nasa, wato MBA na manyan ma'aikata, ana yi ana aiki. A gida kuma mai HND ko mai digiri mai daraja ta uku galibi sai yabi ta PGD tukuna, wato difloma ta bayan digiri, kuma za'a nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. Wani abu kuma, in kaji ance wane yaje Harvard, tambaya me yayi a can, kwas ɗin manyan ma'aikata na 'yan makonni daban, MBA na shekara biyu daban, dukansu dai ana ɗaukar hoto a bakin gini ɗaya.

Maganar tantancewa bazan daɗe a kanta ba amma kada ka tsallake. A gida ka duba cewa NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da jami'ar kuma ta amince da kwas ɗin kansa, musamman waɗannan cibiyoyin da ake buɗewa a bene na biyu na wani filaza ace reshen wata jami'ar waje ne. Ka tuna a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. A waje kuma hukumomi uku ake dubawa, AACSB ta Amurka, EQUIS ta Turai, da AMBA ta Ingila, wadda ta haɗa ukun ita ake cewa tana da kambi uku, kamar makarantar kasuwanci ta jami'ar Cape Town. Lagos Business School tana da AACSB da AMBA. Manyan na Amurka irinsu Harvard AACSB kawai suke riƙe da ita kuma ba wanda ya raina su, don haka ba'a ƙirga kambi a ce wannan tafi waccan, amfaninsa kawai ka gane wadda bata da ko ɗaya sai ka tsaya ka ƙara bincike. Ka shiga shafin hukumar da kanka ka nemi sunan makarantar, kada ka yarda da tambarin da suka manna a fosta.

Shi kuma wannan jeri na rankin da ƙanina yazo da shi, ba ƙarya bane amma ka san me ake aunawa. Na jaridar Financial Times wanda aka fi yawan ambata, babban abinda yake dubawa albashin tsofaffin ɗalibai ne shekara uku bayan gamawa da kuma yadda ya ƙaru akan na kafin shiga. Kaga kenan makarantar da ɗalibanta ke tafiya bankunan New York dole ta hau sama, wannan bai gaya maka komai ba akan ɗan Najeriya mai koren fasfo da ke buƙatar kamfani ya tsaya masa wajen takardar aiki. Kuma tsakanin ta 12 da ta 19 ba wani bambanci, bana wannan ce a gaba baɗi waccan. Ni dai yadda nake amfani da shi shine in raba makarantu gida gida, manyan da duk duniya ta sani, sai waɗanda ke da ƙarfi a ƙasarsu ko yankinsu, sai sauran. Abinda yafi rankin amfani shine rahoton samun aiki da kowace makarantar kirki ke fitarwa duk shekara, a ciki zaka ga kashi nawa suka samu aiki cikin wata uku da gamawa, a wane fanni, a wace ƙasa, da sunayen kamfanonin. Makarantar da ka nema ka rasa wannan rahoton nata, ko ta baka wani abu dunƙule ba adadi, to ta gaya maka amsa.

Yanzu kuɗi, kuma anan nake so ka ɗauko biro da takarda da gaske bawai a ka ba.

MBA a manyan makarantun Amurka shekara biyu ne, in ka haɗa kuɗin makaranta da haya da abinci da inshorar lafiya ya haura dala 200,000. A canjin naira 1,500 miliyan 300 kenan. Mai ɗaukar naira 500,000 a wata, miliyan 6 a shekara, sai yayi shekara 50 bai ci bai sha ba kafin ya tara. INSEAD da ke Fontainebleau kusa da Faris wata goma ne nata, kuɗin makaranta kaɗai wajen yuro 100,000. Oxford da Cambridge shekara ɗaya, London Business School wata 15 zuwa 21. Akan wannan kuma ka ɗora albashin da zaka rasa duk tsawon lokacin da baka aiki, da kuɗin da ka saba turawa gida wanda ba zai tsaya ba don kana karatu, su Inna ba ruwansu da cewa kai ɗalibi ne yanzu. Wannan lissafin yana fita ne kawai in bayan gamawa zaka ɗauki albashi da dala ko fam ko yuro na wasu shekaru, ko kuma wani ne ya biya maka. Ka ci bashin dala ka dawo kana ɗaukar naira, wannan shine ganganci mafi girma a harkar nan.

Kuma mun gani da idonmu. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, mutane suna biyan kuɗin makaranta ta Form A, fom ɗin banki na sayen dala a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tsara zai biya dala 30,000 da naira miliyan 14 ya wayi gari yana neman miliyan 45, ɗalibai 'yan Najeriya da yawa a Ingila suka kasa biyan kashi na biyu, wasu aka cire su daga karatu aka ce su bar ƙasar. Don haka in kuɗinka naira ne kada kayi lissafi da canjin yau, ka ƙara masa sosai ka gani ko har yanzu zaka iya, in kuma kana da halin mayar da kuɗin dala tun kafin ka tafi to ka mayar. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu sauƙi ta nan saboda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 duk yuro ɗaya, ga kuma Faransanci da ke buɗe musu HEC Paris da sauran makarantun Faransa, ko CESAG a Dakar wadda ke ƙarƙashin babban bankin yankin kuma bankunan ƙasashen sefa sun santa sarai.

Sikolashif akwai amma kada ka gina gida a kansa. Chevening na Ingila yana neman aƙalla shekara biyu na aiki, dole ka dawo gida shekara biyu bayan gamawa, kuma ga MBA akwai iyakar abinda suke biya na kuɗin makaranta, sauran kai zaka cika, ga manyan makarantu kuwa sauran nan ba kaɗan bane. Harvard tana bada tallafi ne gwargwadon buƙatar ɗalibi, wanda ke ɗaukar albashin naira yakan samu mai kauri. Stanford na da Knight-Hennessy, Oxford na da na Skoll ga masu kasuwancin taimakon al'umma. Wata dabara da ba'a cika faɗa ba, makarantar da ke ƙasa kaɗan da manyan ta kan bada ragi mai yawa ga wanda makinsa ya fi na yawancin ɗalibanta, kuma in kana da tayi biyu a hannu ba laifi ka rubuta wa ɗaya cikin ladabi kace ga abinda ɗayar ta bani ko zaku duba. Ciniki ne, mu kuwa ba'a koya mana ciniki.

Sai bashi. Akwai kamfanoni irinsu Prodigy Finance da MPOWER da ke bawa ɗaliban ƙasashen waje bashi ba jingina, amma da ruwa ne, kuma ga da yawa daga cikinmu wannan ba ƙaramar magana bace. Ka yanke hukunci akan wannan tun kafin ka nema, ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kada sai takardar shiga ta fito kana murna an baka sati uku ka biya kuɗin riƙe gurbi sannan ka fara neman fatawa cikin ruɗu. In ka san bazaka taɓa bashin ruwa ba to jerinka ya zama na makarantun da ke bada tallafi mai yawa ko waɗanda aljihunka zai iya. Tunda ma an zo nan, mai son harkar bankin Musulunci, yanzu da muke da Jaiz da TAJ da Lotus, ya duba INCEIF a Kuala Lumpur wadda babban bankin Malesiya ya kafa 2005, ko cibiyar bankin Musulunci da ke BUK, zasu fi masa wata makarantar Turai da ke da darasi ɗaya tak akan fannin.

Biza ita ce ɗaya ƙafar lissafin, in kana son zama kayi aiki can bayan karatu. A Amurka ɗalibi na samun wata 12 na aiki bayan gamawa, in kwas ɗin na cikin waɗanda aka yi wa rajistar STEM, wato fannin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, ana ƙara wata 24 ya zama shekara uku, shi yasa dole ka tambayi makaranta ko MBA ɗinta na da wannan rajistar. Bayan nan sai bizar aiki ta H-1B wadda ake bada 85,000 kacal a shekara kuma masu nema sun ninka haka. A 2025 kuma Amurka ta tsaurara sosai, a Yuni ta saka Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana shiga, a Yuli ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, don haka ka karanta sanarwar ofishin jakadanci ta ranar kafin ka biya kuɗin fom. Ingila tana da bizar zama bayan karatu ta shekara biyu tun 2021 amma gwamnati ta sanar zata rage ta zuwa wata 18, kuma tun Janairun 2024 mai mastas na aji irin MBA baya iya tafiya da mata da yara. Mai iyali ya tsaya nan yayi tunani, shekara guda ko fiye kana can uwargida na nan da yara, wannan shawara ce ta gida ba taka kai kaɗai ba, haka ma 'yar'uwa mai aure da ke son tafiya.

Shekara ɗaya ko biyu? In layi zaka canza na shekara biyu ya fi, saboda hutun bazara da ke tsakiya ana zuwa aikin gwaji a kamfani na wajen sati goma, kuma daga nan yawancin tayin aiki ke fitowa. Na shekara ɗaya ya fi araha amma gudu ne, kana sauka kana koyon hanyar aji an fara intabiyu.

Akwai abinda ba'a rubutawa a fosta, yadda ake koyarwa. A Harvard kusan komai da labarin kamfani ake yi, a baka shafi ashirin ka karanta da dare, da safe kuna kusan 90 a aji malami ya kira sunanka ba zato yace kai ne shugaban kamfanin me zaka yi, kuma wajen rabin makinka daga maganar da kake yi a aji yake fitowa. IESE ta Basalona da Darden ta Bajiniya ma haka suke, ita Lagos Business School da taimakon IESE aka kafa ta don haka ta ɗauko salon. Mu da aka raina da cewa yaro mai kunya shine mai tarbiyya, ba'a katse babba, ba'a musu da malami, wannan abu yana bamu wuya da farko. Ni a ganina wannan ma dalili ne na zaɓar irin wannan makarantar, saboda abinda ke hana da yawa daga cikin 'yan arewa gaba a ofis ba rashin sani bane, shiru ne a wajen mitin, mutum ya san amsa sarai amma sai an fito yake faɗa maka a baranda. Amma in kasan kai mutumin lissafi ne kafi son lakca da alƙaluma, Booth ta Chicago ko MIT Sloan sun fi kusa da halinka.

Ka kuma tambayi rayuwar garin. Akwai masallaci kusa, ana samun naman halal, lakcar juma'a tana cin karo da sallah? Yawancin haɗuwar da ake sanin mutane a makarantun Turai da Amurka da yamma ake yi kuma da giya a wajen, ba wanda zai tilasta maka sha, ka riƙe lemonka ayi hira, amma gara ka sani tun yanzu. Ƙaramin gari kamar Hanover ta Amurka inda makarantar kasuwanci ta Tuck take kowa ya san kowa amma sanyi da kaɗaici, Landan kuwa har kilishi da masa zaka samu sai dai haya zata cinye ka.

In ka rage jerin zuwa biyar ko shida, biyu da kake ganin sun fi ƙarfinka, biyu daidai kai, ɗaya ko biyu da kake da tabbas, sai shiri. GMAT, jarabawar da makarantun waje ke nema kafin shiga MBA, ta canza tun ƙarshen 2023, yanzu awa biyu da kwata ce, sashe uku kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805, don haka in ka sayi tsohon littafi a bakin titi ka duba na wane zamani ne. Kusan duk makarantu suna karɓar jarabawar GRE a madadinta, makin kuma yana aiki shekara biyar. Ka bawa kanka wata uku zuwa huɗu na karatu kullum. Manyan makarantu zagaye zagaye suke ɗauka, na farko wajen Satumba, na biyu Janairu, na uku Maris ko Afrilu, kai da ke buƙatar tallafi da biza ka nufi na farko ko na biyu, na uku an riga an rabe naman. INSEAD kuma tana neman wani yare bayan Turanci, ka tambaye su yadda zasu lissafa maka Hausa da Larabci ko Faransancinka.

Taransikirif kuwa, wato cikakken sakamakon digirinka daga jami'a, ka fara nema tun yau. Ni nawa sai da nayi tafiya uku zuwa tsohuwar jami'armu, zuwan farko akace mai makullin ɗakin fayil yaje ta'aziyya, na biyu aka samo fayil ɗin amma babu sakamakon aji biyu, na zauna kan benci a baranda tun goma na safe har la'asar ina kallon wata akuya na cin takardar sanarwa a jikin allo, sai a na uku wani dattijo a sashenmu yace ɗana zo nan, ya buɗe wata tsohuwar kabad ya zaro littafin da hannunsa. Wata huɗu abin ya ɗauka. Takardar shaida kuma daga ogan da ya san aikinka zaka karɓa, wanda zai iya cewa ga ranar da kaza ta lalace ga abinda yayi, ba daga Sanata ko mai martaba da bai taɓa ganinka a bakin aiki ba, su can babban suna baya burge su in takardar fanko ce. Haka insha'in da zaka rubuta, kada ka biya wani ya rubuta maka, a intabiyu za'a gane.

Abu na ƙarshe da na sa ƙanina yayi shine ya shiga LinkedIn ya nemo 'yan Najeriya ko 'yan Afirka ta yamma uku uku da suka gama kowace makaranta a jerinsa cikin shekara biyu zuwa biyar da suka wuce, ba waɗanda makarantar ta haɗa shi da su ba, ya roƙi minti goma sha biyar. Tambayoyin kuma gajeru, 'yan ƙasarmu nawa ne a ajinku, nawa suka samu aikin da suke so, nawa suka dawo gida ba don suna so ba, nawa ka kashe gaba ɗaya har da abinda ba'a rubuta ba, da za'a mayar da kai baya zaka sake zaɓenta? Yadda suke amsa saƙon ma kansa gwaji ne, wata makarantar mutum uku ya rubutawa duka suka amsa cikin kwana biyu ɗaya har ya kira shi ta WhatsApp suka yi kusan awa, wata kuwa har yau shiru.

Bayan sati uku ya dawo, wannan karon da littafin rubutu ba waya ba, ya ja layi ya raba shafi, gefe ɗaya naira gefe ɗaya dala. Yace Yaya na gano ni ba barin ƙasar nake so ba, so nake in koma ɓangaren bada jari ga masu noma da sarrafa amfanin gona, kuma duk waɗanda nake son aiki da su suna Legas da Abuja da Kano. Cikin goman nan da yazo da su guda ɗaya ce ta rage, ita ma yace sai in sun bashi tallafi mai kauri, sauran biyun da ya ƙara duk na gida ne. Ya riga ya biya kuɗin taransikirif, an ce masa ya dawo bayan sati biyu.